Gaskiya, Ƙarya da Kaɗaici: Yadda Masu Tarke Suka Karɓi Fim Ɗin Catfish



Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Kai malamin Hausa ne, ina ruwanka da fim ɗin Amurka?" Na ce masa ai kuwa ya faɗi daidai, domin sunan fim ɗin ma sunan kifi ne. Amma amsar gaskiya ita ce, sana'ar malamin adabi nazarin labari ce, da nazarin abin da mutane ke cewa game da labari bayan sun ji shi. Fim ɗin da zan yi magana a kansa yau ya jawo wata gardama tsakanin masu tarke wadda duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin adabin baka zai gane ta da ganin farko, watau gardamar ko abin da aka ba mu labari ne ko tatsuniya. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan gardama ta ci lokacin masu tarke ƙwarai, har ta kusa rufe musu ido daga matar da fim ɗin ya tone wa asiri, alhali kuwa a wurinta jigon yake.

Bari in fara da kawo labarin a taƙaice, domin na san ba kowa ya gani ba.

Sunan fim ɗin Catfish, watau tarwada. Samari biyu suka ɗauke shi, Ariel Schulman da Henry Joost, da 'yan ƙananan na'urorin ɗaukar hoto na hannu, babu wani babban kamfani a bayansu sa'ad da suka fara. Irin wannan shi ake kira fim mai zaman kansa. Wanda suka riƙa bi da na'urar kuwa ƙanen Ariel ne, Nev Schulman, mai sana'ar ɗaukar hoto a birnin Niyok, yana da shekara 24 a lokacin. A cikin 2007 wata jarida ta buga wani hoto na 'yan rawa da ya ɗauka. Ba a daɗe ba sai ga saƙo ta gidan waya daga wani ƙaramin gari a arewacin jihar Mishigan: an zana hoton nan nasa da fenti, aka ce wata yarinya 'yar shekara 8 ce ta zana. Abin ya burge shi. Daga nan zumunci ya ƙullu ta Facebook, da yarinyar, da uwarta, da 'yan'uwa da abokan gidan, har aka zo kan yayar yarinyar, budurwa 'yar shekara 19, kyakkyawa a hoto, mai rera waƙa, mai son dawaki. Magana ta yi nisa tsakaninsu, ta waya da ta rubutu, wata da watanni, ba su taɓa ganin juna ido da ido ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Suna jihar Kolorado wajen wani aiki, budurwar ta aiko masa da waƙoƙi ta ce ita ta rera, sai suka bincika a intanet suka tarar muryoyin waɗansu mawaƙa ne dabam. Maimakon ya yanke hulɗa, sai su ukun suka shawarta su tafi Mishigan ba tare da sanarwa ba. Suka isa gonar dawakin da aka ce ta budurwar ce cikin dare, suka tarar babu kowa, babu ko doki ɗaya, sai katunan da Nev ya aika suna kwance cikin akwatin wasiƙu. Kashegari suka je gidan uwar. Abin da suka tarar shi ne wata mace mai kimanin shekara 40, matar aure, tana ɗawainiya dare da rana da tagwayen 'ya'yan mijinta waɗanda ke da naƙasa mai tsanani, sai an ciyar da su, sai an kintsa su. Ita ce mai zanen. Ita ce muryar budurwar a waya. Ita ce kuma ta ƙago mutum goma sha wani abu a Facebook, tana sa wannan ya yi wa wancan magana, domin gidan ya yi kama da gida mai cike da jama'a. Hotunan budurwar na wata mata ce can a wata jiha, wadda ba ta san ana yi ba.

A nan ne mijin matar ya ba da misalin da ya zama sunan fim. Ya ce wai a da, in an ɗauko wani kifin teku da rai daga Alaska za a kai ƙasar Sin, kafin a isa sai namansa ya saki saboda zaman banza cikin tanki, har wani ya yi dabarar jefa tarwada a ciki domin ta riƙa tsokanarsu, su yi ta motsi. Ya ce haka waɗansu mutane suke a rayuwa, su ne masu hana ka barci, kuma shi yana gode wa Allah da ya yi su. Ku riƙe wannan misali, zan komo kansa.

An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Sundance, a jihar Yuta, cikin Janairun 2010, kuma tun a zauren aka fara tuhuma. A lokacin tambayoyi wani ya tashi ya ce shi a ganinsa shiri ne. Samarin sun ba da labari da bakinsu cewa Morgan Spurlock, wanda ya yi suna da fim ɗinsa na Super Size Me a 2004, ya zo ya yaba musu da cewa bai taɓa ganin fim ɗin ƙarya da aka yi wa rigar gaskiya mai kyau kamar nasu ba. Shi yabo ya yi nufi, su kuwa zagi suka ji. A cikin makon nan kuma Kyle Buchanan ya rubuta wani sharhi a Movieline inda ya jera tambayoyin da kowa ya yi ta maimaitawa daga baya. Yaya za a yi samari 'yan birni, waɗanda suka tashi da kwamfuta a hannu, su shafe wata takwas ba su taɓa binciken sunan mutanen nan a intanet ba? Don me aka fara ɗaukar hoto tun abin bai zama labari ba, sai ka ce an san inda za a ƙare? Kuma yaya aka yi duk wani muhimmin abu ya faru daidai lokacin da na'ura ke kunne?

Lalle a yi wa masu wannan zargi adalci, domin shekarar ta koya musu rashin yarda. A wannan bikin na Sundance ɗin aka nuna Exit Through the Gift Shop na mai zanen bango da ake kira Banksy, wanda mutane da yawa suka ɗauka wasa da hankali ne. Sa'an nan a cikin Satumban 2010, watan da Catfish ya shiga gidajen sinima, Casey Affleck ya fito ya amsa cewa fim ɗinsa I'm Still Here, wanda ya nuna ɗan wasa Joaquin Phoenix kamar ya zauce, shiri ne daga farko har ƙarshe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bugu da ƙari, kamfanin da ya sayi Catfish domin rarrabawa ya tallata shi kamar fim ɗin tsoro, da duhun gonar nan da kiɗa mai tayar da hankali, ana gargaɗin mutane kada su bari kowa ya gaya musu ƙarshensa. Wanda ya biya kuɗinsa yana jiran a fito da gawa daga rumbu, sai aka nuna masa mace tana share wa yaro baki.

Samarin sun tsaya a kan cewa duk abin da aka gani ya faru, in ban da hotunan fuskar kwamfuta da suka sake ɗauka daga baya domin su fito sosai. A cikin Oktoban 2010 matar ta bayyana a shirin 20/20 na gidan talabijin na ABC, ta amsa cewa ita ta ƙaga mutanen. Har kotu maganar ta kai, ta wata hanya mai ban dariya: masu haƙƙin ɗaya daga cikin waƙoƙin nan suka kai ƙara suna neman diyya, kuma cikin hujjarsu har da cewa in fim ɗin shiri ne, to, ba shi da sassaucin da doka ke yi wa mai ɗauko abin da ya faru.

To, a nan ne nake so in sa hular malamin Hausa. Bahaushe ya daɗe da raba tatsuniya da labari, kuma ya sa wa tatsuniya ƙofar shiga da ƙofar fita. Da ka ji an ce ga ta nan ga ta nanku, ka san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, ba za ka tambayi mai ba da ita a wace shekara kura ta yi magana ba. In an zo ƙarshe kuma aka ce ƙurunƙus, mai tatsuniya da kanta takan ambaci ƙarya, ta jingina ta ga Gizo. Watau akwai alkawari tsakanin mai faɗa da mai saurare. Shi kuwa labari, alkawarinsa dabam ne: mai ba da shi ya ɗauki nauyin cewa abin ya faru, in aka kama shi da ƙari sai a ce ya shara ta. Fim irin wanda ke ɗauko abin da ya faru yana shigowa ne ta ƙofar labari. Saboda haka masu tarken da suka tsaya bincike ba su yi laifi ba, alkawari suke bi.

Sai dai wanda ya san tarihin irin wannan fim ya san alkawarin bai taɓa cika ɗari bisa ɗari ba. Robert Flaherty, wanda ake ɗauka kakan sana'ar, da ya yi Nanook of the North a 1922 ya sa mutanen ƙanƙara sun yi farauta da mashi alhali sun riga sun saba da bindiga, ya kuma sa an gina masa rabin ɗakin ƙanƙara domin haske ya ishi na'urarsa. Duk wanda ya zaɓi inda zai kafa na'ura, ya zaɓi abin da zai yanke, ya riga ya sa hannu a cikin gaskiya. Tambayar da ta fi amfani ita ce, sa hannun nan wa ya cuta?

Ga yadda nake ganin abin. In samarin nan da gaske ba su san kome ba sai a Kolorado, to, Nev ne aka yaudara, tafiyarsu Mishigan kuwa neman bayani ce, wadda kowa zai yi musu uzuri a kanta. In kuwa sun daɗe da ganewa, suka bar maganar soyayya ta ci gaba domin fim ya yi daɗi, to, labarin ya juye: samari uku masu ilmi da hanya, daga babban birni, sun ga mace mai rauni a ƙauye, suka yi ta ba ta igiya har ta gama ɗaure kanta, sa'an nan suka ɗauko ta suka nuna wa duniya, suka karɓi kuɗi da suna. Ashe gardamar gaskiya da ƙarya, in an tone ta, gardama ce a kan wane ne mafarauci, wane ne nama. Kaɗan daga cikin masu tarke suka fito da ita a haka. A. O. Scott na jaridar New York Times yana cikinsu. Ya ce in an auna fim ɗin da ma'aunin da aka saba, aikin bai da kyau, ga sakaci wajen ɗauka, ga ɓoye manufa, ga wasa da ƙa'idojin mutunta wanda ake ɗauka, amma duk da haka ya yarda abin kallo ne mai kama zuciya, wanda ya nuna wani abu na zamaninsa. Roger Ebert kuwa, wanda ya fi kowane mai sharhin fim suna a Amurka a lokacin, ya ba shi tauraro uku cikin huɗu, kuma abin da ya fi taɓa shi shi ne halin matar da aka gano a ƙarshe.

Ni a nawa ra'ayi, ina tsammanin samarin sun fara shakka tun kafin lokacin da suka nuna mana. Ba ni da hujja sai ta mai karatun labari: yadda Nev ke karanta saƙonnin soyayya da ƙarfi yana dariya, yana rufe fuska da bargo, ya fi kama da mai wasa a gaban 'yan kallo. Kuma ba abin mamaki ba ne da aka ce aikin da Joost da Schulman suka samu bayan wannan shi ne Paranormal Activity 3 a 2011, fim ɗin aljanu wanda aka shirya shi musamman domin ya yi kama da hoton gida na gaskiya. Masu kuɗin sun ga inda gwanintarsu take. Amma akwai abin da samarin ba su isa su shirya ba, shi ne gidan nan na Mishigan. Ba su suka ƙago tagwayen ba, ba su suka ƙago gajiyar da ke fuskar matar ba. Kashi na ƙarshe na fim ɗin ya fi ƙarfin masu yinsa, kuma alhakinsu ne a faɗa cewa da suka ga abin da suka gani, sun sassauta murya, ba su yi mata tsawa ba.

Ku gafarce ni in ɗan ratse. Na fara ganin wannan fim ne a Ingila, ina karatun digiri na uku, cikin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Na san abin da ake nufi da mutum ya dawo ɗaki ya buɗe kwamfuta kafin ya cire takalmi, ko wani ya tuna da shi. Da aka kunna fitilu na ji Turawan da ke bayana suna gardamar shiri ne ko ba shiri ba, ni kuwa abin da ke raina shi ne, mutum nawa matar nan ta ƙaga domin kawai ta sami mai ce mata sannu. Manyanmu da ke zaune a nan sun san zamanin zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, inda mutum a Gusau da mutum a Garwa za su shekara goma suna gaisawa ta kati ba su taɓa haɗuwa ba, kowa da laƙabin da ya zaɓa wa kansa. Son a san da kai a wani wuri mai nisa, da suna wanda ya fi naka daɗi, ya girmi Facebook. Abin da Facebook ya ƙara shi ne hoto, da sauri, da damar mutum ɗaya ya zama gari guda.

Wannan ya kawo ni ga wani fim da ya fito mako biyu bayan Catfish, watau The Social Network na David Fincher, labarin yadda aka kafa Facebook a 2004. A cikin Yulin 2010 kamfanin ya ba da sanarwar cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 500. Masu sharhi da yawa sun haɗa fina-finan biyu a rubutu ɗaya, suna cewa ɗaya ya nuna maginin gida, ɗaya ya nuna mazauninsa. Na Fincher ya ci lambobin Oscar uku, ya tara kuɗi masu yawa, Catfish kuwa abin da ya samu a gidajen sinima na Amurka ya ɗan haura dala miliyan 3. Amma ƙaramin ne ya bar wa harshen Ingilishi kalma.

Ga mai nazarin harshe, nan ne abin ya fi ban sha'awa. A cikin Nuwamban 2012 gidan talabijin na MTV ya fara wani shiri mai wannan suna, Nev yana yawo gari gari yana haɗa masoyan intanet da waɗanda suka yaudare su, shirin da ya shafe fiye da shekara 10 ana yi. A cikin Janairun 2013 aka gano cewa budurwar wani shahararren ɗan wasan ƙwallon jami'a, Manti Te'o, wadda jaridu suka yi ta juyayin mutuwarta, ba a taɓa halittarta ba, sai kalmar ta shiga bakin kowa. A 2014 ƙamusun Merriam-Webster ya ƙara wa kalmar tarwada ma'ana ta biyu: mutumin da ke ƙaga kamannin ƙarya a dandalin sada zumunta domin yaudara.

Yanzu ku tuna da misalin mijin nan. Shi yabo ya yi. Tarwadarsa ita ce mai hana sauran kifi lalacewa, kuma da matarsa yake. Misalin ma ba nasa ba ne, masu bin asalin kalmomi sun gano shi a rubutun wani Bature ɗan jarida, Henry Nevinson, tun 1913, kuma a can ma ma'anar ta alheri ce. Cikin shekara huɗu kacal kalmar ta tashi daga yabo ta koma zagi. Ta riƙe yaudarar, ta zubar da kaɗaicin. Yau da ita ake kiran ɗan damfarar da ke sace hoton soja ya wawashe ajiyar gwauruwa, irin laifin da mu a Nijeriya muka sani da lambar sashe na 419 na dokar laifuffuka, wanda ya ɓata mana suna a duniya. Ku ma'aikata kun san yadda ake kallon fasfonmu a filayen jirgin sama. Amma fim ɗin bai nuna matar nan ta nemi ko anini daga hannun Nev ba, ita ce ma ke aika masa da zane. Sa ta a kwando ɗaya da ɗan damfara rashin adalci ne, ko da yake ba na wanke ta: ta yi wa saurayi wasa da zuciya, ta yi amfani da sunan 'yarta ƙarama, ta sace fuskar wata baiwar Allah, har ta ƙara wata ƙaryar cewa tana fama da ciwon daji.

Akwai wani wuri kusa da ƙarshe wanda masu tarken da suka shagala da bincike ba su cika tsayawa a kansa ba. Bayan asiri ya tonu, matar ta roƙi Nev ya zauna ta zana shi. Yana zaune a kujera, tana kallonsa tana jan fensir. Yana yi mata tambayoyi a hankali, tana amsawa da hawaye. Ta bayyana cewa mutanen da ta ƙaga gutsattsarin kanta ne, abin da ta taɓa zama, da abin da ta so zama bai yiwu ba. Ta so rawa da zane tun tana yarinya, aure da jinya suka tsare ta. A wajen mai nazarin adabi wannan bayanin marubuci ne game da taurarin littafinsa, sai dai ita ba ta sami mai buga mata littafi ba, ta sami mai karatu ɗaya tak, ta kuwa riƙe shi wata tara da saƙo fiye da 1,500. Rubutun da aka sa a ƙarshen fim ya sanar da cewa ɗaya daga cikin tagwayen ya rasu, ta rufe shafukan ƙaryar duka ta bar nata na gaskiya, kuma a lokacin da aka gama haɗa fim ɗin sunan Nev yana nan cikin jerin abokanta.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. A nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.